Ciwon Ƙarancin Jinin Dawakai: Me Ya Sa Ake Yanke Wa Doki Hukunci Alhali Yana Cin Abincinsa Lafiya Lau?

Duk lokacin da hukumar lafiyar dabbobi ta wata ƙasa ta sanar da ɓullar ciwon ƙarancin jini mai yaɗuwa a wata barga, abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. A rufe bargar, ba shiga ba fita. A ɗebi jinin duk dokin da ya kwana kusa da wanda ya kamu. Sannan a kira mai dokin a sanar da shi ɗayan hukunci biyu, kowanne da ɗacinsa: ko a kashe dabbar, ko a ware ta daga sauran dawakai har iyakar rayuwarta.

A nan ne kai ke ɗaurewa. Sau da yawa dokin da aka yanke wa wannan hukunci yana nan tsaye a turkensa, gashinsa na sheƙi, ya cinye abincinsa tas, jiya ma an hau shi. Mai shi sai ya ce, "Likita, dubi dokin nan fa, ina ciwon yake?" Amsar tana cikin halin ƙwayar cutar da kuma hanyoyin da take bi daga jini zuwa jini.

## Wace cuta ce wannan?

Likitocin dabbobi na taƙaita sunanta na Turanci, Equine Infectious Anaemia, da haruffa uku, EIA. Wasu kuma na kiranta zazzaɓin fadama, saboda tun da can an lura ta fi yawa a wurare masu damshi da zafi inda ƙudaje masu cizo ke hayayyafa. An fara bayyana ta a rubuce a Faransa a 1843, kuma a 1904 wasu masana biyu na ƙasar, Vallée da Carré, suka nuna cewa abin da ke haddasa ta ya fi ƙwayar bakteriya ƙanƙanta, domin yana ratsa matatar da ke tare bakteriya. Wannan ya sa ta shiga sahun farko na cututtukan dabbobi da aka gano cewa bairos ne ke kawo su.

Bairos ɗin dangi ɗaya ne da HIV mai karya garkuwar jikin ɗan Adam, amma zumuncin nasu bai wuce na tsatso da ɗabi'a ba. Ba ya kama mutum. Iyakarsa doki, jaki, alfadari da jakin dawa. Abin da ya gada daga danginsa shi ne dabarar ɓuya: yana shiga cikin wasu fararen ƙwayoyin jini da ke zaune a saifa, hanta da sauran sassa, ya dasa bayanan halittarsa cikin nasu. Daga wannan rana ya zama ɗan gida. Babu wani magani da ke fitar da shi, kuma dokin da ya kamu ya kamu ke nan har mutuwarsa.

Wata dabarar tasa ita ce sauya kama. Da zarar garkuwar jikin doki ta gane shi ta fara cin ƙarfinsa, sai ya canja rigar da ke lulluɓe da shi, ya dawo kamar baƙo. Shi ya sa zazzaɓin ke zuwa yana komawa.

## Dokin da ke kwance da dokin da ke tsaye

Cutar na zuwa da fuska uku, kuma ba su yi daidai da juna wajen haɗari ba.

Akwai mai zafi. Mako ɗaya zuwa shida bayan kamuwa, zafin jikin doki, wanda a ƙa'ida ke tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salshiyos, sai ya haura 40. Ya yi lakwas, ya ƙi abinci. Ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare su ragu ƙwarai, don haka idan aka ɗaga leɓensa ko harshensa za a iya ganin ɗigo-ɗigon jini kamar an tsira allura. Wasu na mutuwa a wannan mataki cikin 'yan makonni.

Akwai mai jan lokaci, wadda ita ta ba cutar sunanta. Zazzaɓi ya zo na kwana uku ko biyar, ya tafi, bayan makonni ya dawo. Doki ya riƙa ramewa duk da ana ciyar da shi, dasashinsa ya yi fari fat, ƙasan cikinsa da ƙafafunsa su kumbura da ruwa, ɗan gudu kaɗan ya fara haki. Jajayen ƙwayoyin jininsa ne ke ƙarewa, wani ɓangare ma garkuwar jikinsa ce da kanta ke lalata su. Matsalar ita ce waɗannan alamomi ba nata ba ne ita kaɗai. Sammore na rama doki ya ƙarar masa da jini, haka ma ciwon da kaska ke sa wa, haka ma tsutsar ciki idan ta yi yawa. Ido kaɗai ba ya rarrabewa.

Fuska ta uku ita ce ginshiƙin duk wannan magana. Mafi yawan dawakan da suka tsallake shekarar farko, garkuwarsu na danne bairos ɗin har ya lafa. Su murmure, su yi ƙiba, su koma aiki. Wasu ma tun farko ba a taɓa ganin sun yi ko da zazzaɓin kwana ɗaya ba. Jakai musamman sun shahara da wannan shiru. Amma bairos na nan kwance a jininsu. Wahalar doguwar tafiya, aiki mai tsanani, wata cutar daban, ko allurar sitiroyid da ke sassauta garkuwa, kowanne na iya tayar da shi. A lokacin ne jinin dokin ke cika da ƙwayoyin cuta, kuma a lokacin ne maƙwabtansa ke shiga uku. Dokin da ya kwanta kowa na ganinsa ya nisanta nasa. Wanda ke tsaye lafiya shi ake sayarwa, shi ake kai wa gasa, shi ake haɗawa da goɗiya.

## Ƙuda da allura

Cutar ba ta bin numfashi kamar mura, ba ta kuma bin kwanon ruwa a al'ada. Jini take bi. A daji, masu ɗaukar jinin su ne manyan ƙudaje masu cizo irin su bobuwa da ƙudan barga.

Yadda abin ke faruwa ya cancanci a tsaya a kai, domin daga nan dokar killacewa ta samo asali. Bakin bobuwa yanka fata yake yi kamar almakashi, ya lashi jinin da ya taru. Cizon na da zafi, don haka doki ya kaɗa jela, ya buga ƙafa, ya girgiza fata. Ƙudan ya tashi bai ƙoshi ba, bakinsa jiƙe da jini, ya sauka kan doki mafi kusa ya ƙarasa. Shi ke nan an kai saƙo. Bairos ɗin ba ya hayayyafa a cikin ƙudan kamar yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke yi a cikin sauro; dako kawai ake yi masa, kuma bayan kimanin sa'o'i 4 a bakin ƙudan ya mutu. Sauro, wanda bakinsa siriri ne kuma cizonsa ba ya tayar da doki sosai, ba shi da wani tasiri a nan.

Masu bincike a Amurka sun yi wa ƙudaje alama suka bi diddiginsu, suka gano cewa idan doki na biyu ya yi nisan kimanin mita 50, kusan duk ƙudajen da aka kora kan dokin farko suke komawa. Daga wannan ne aka ɗauki tazarar yadi 200, wato kusan mita 180, wadda dokar Amurka ta gindaya tsakanin doki mai cutar da sauran dawakai. Wasu ƙasashe sun cike ta zuwa mita 200. An ninka nisan ne don a bar sarari ga kuskure.

To amma jinin da bakin ƙuda ke ɗauka ɗan mitsitsi ne, ido ba ya ganinsa. Allurar da aka zare daga jijiyar doki na ɗauke da ninkinsa ɗaruruwa ko dubbai, kuma bairos na iya rayuwa a cikinta har kwana 4. Ba ta san damina ko rani ba, ba ta kuma san mita 200 ba, tunda a jaka take tafiya. Mutum ya zuƙi maganin ƙarin kuzari, ya yi wa doki na farko, ya mayar da wannan allurar cikin kwalbar ya sake zuƙa. Ko da ya canja allura daga baya, kwalbar ta riga ta gurɓata, duk dokin da aka ɗiba masa daga cikinta ya samu rabonsa. Haka abin yake da robar ƙarin ruwa, bututun da ake zurawa ta hanci, kayan gyaran haƙori da kayan tiyata idan ba a wanke aka kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsu ba.

Abin da ya faru a Ayalan a 2006 misali ne da likitoci ke yawan komawa gare shi. Ƙasar ba ta taɓa samun cutar ba kafin wannan shekara. Bincike ya danganta shigowarta da ruwan jini da aka shigo da shi ba bisa ƙa'ida ba, aka ɗura wa 'yan dukushi don ƙarfafa musu garkuwa. Daga nan ta bi ta hannun masu jinya da kuma wani asibitin dawakai, kafin shekara ta ƙare an tabbatar da dawakai 38. A Amurka kuma, rahotannin ma'aikatar noma na shekarun baya-bayan nan na nuna cewa kaso mai tsoka na sababbin kamuwa daga dawakan sukuwa ne, musamman na filayen da ba su da rajista, inda ake raba allura ɗaya, ake kuma ɗura wa doki jinin wani don ya ƙara gudu. Ƙuda ake zargi da farko, amma a ɓarkewar zamani da dama hannun mutum ake tararwa.

Akwai kuma wata hanya: daga goɗiya zuwa ɗanta, a cikin mahaifa ko ta nono. Tana faruwa, sai dai ba kullum ba, kuma wannan zai dawo a gaba.

## Gwaji da kwanakin jira

Fiye da shekara 100 ana fama da cutar ba tare da wata hanya mai sauƙi ta gane doki mai ɗauke da ita ba. Hanyar da aka fi amincewa da ita a da ita ce a ɗebi jinin wanda ake zargi a ɗura wa lafiyayye, a zauna a ga ko zai kwanta. A 1970 wani likitan dabbobi, Leroy Coggins, na Jami'ar Cornell da ke Amurka, ya fito da gwajin da har yau ake kira da sunansa. Ana huda ƙananan ramuka a cikin wani abu mai kama da daskararren ruwa a faranti, a zuba ɓangaren bairos a na tsakiya, a zuba ruwan jinin doki a na gefe. Idan jikin dokin ya taɓa ƙera sinadaran kariya a kan bairos ɗin, sai wani siririn farin layi ya fito tsakanin ramukan cikin sa'o'i 24 zuwa 48.

Daga baya aka samu wani gwajin jinin mai suna ELISA, wanda ke ba da sakamako cikin kimanin sa'a guda kuma ya fi saurin kamo cutar. Aibinsa shi ne wani lokaci yakan ɗora wa lafiyayye laifi, don haka ba a yanke hukunci da shi sai an tabbatar da gwajin Coggins, idan kuma suka saɓa a je ga na uku a babban ɗakin bincike.

Duka biyun martanin jiki suke nema. A yawancin cututtuka, samun wannan martani na iya nufin dabba ta warke. A nan kuwa, tunda bairos ɗin ba ya fita, martanin shaida ce cewa yana ciki.

Sai dai jiki na ɗaukar lokaci kafin ya mayar da martanin, galibi makonni biyu zuwa kwana 45, wani lokaci fiye. Dokin da aka ciza shekaranjiya zai fito tas a gwajin yau. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a buɗe barga da gwaji ɗaya. A Amurka ana jira aƙalla kwana 60 daga ranar da aka fitar da doki na ƙarshe mai cutar, a sake gwada kowa. A Ayalan da Birtaniya an yi aiki da kwana 90. Idan aka sake samun ko da ɗaya, lissafi ya koma farko. Takardar Coggins da mai doki ke riƙe da ita, ko da dokar wuri ta amince da ita na wata 6 ko 12, labarin ranar da aka ɗebi jinin kawai take bayarwa.

Aikin da ya fi cin lokaci a ɓarkewa shi ne bin sawu. Daga ina aka sayo dokin? Wace gasa ya halarta? Wace mota ta ɗauke shi, da wa? Wa ya yi masa allura, kuma ina ya nufa daga nan? Kowace amsa na buɗe wata bargar da za a rufe. A gefe guda ana feshin ƙudaje, ana kwashe kashi da jiƙaƙƙiyar ciyawa inda ƙudan barga ke ƙyanƙyasa, ana sa raga a tagogi. Cutar na cikin jerin waɗanda Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya mai hedikwata a Faris ta wajabta wa ƙasashe bayar da rahotonsu, don haka labarin kan tsallaka iyaka ya shafi cinikin dawakai na ƙasar gaba ɗaya.

## Kisa, killacewa ko rigakafi

Kan gwaji babu jayayya. Rigimar tana kan makomar dokin da aka samu da cutar, kuma ƙasashe sun rabu.

Yawancin ƙasashen Yammacin Turai na kashe shi. Hujjarsu ita ce cutar ba ta zauna a ƙasarsu ba, doki ɗaya ya isa ya dasa ta, kuma ba wanda zai iya lamunce wa hukuma cewa za a kiyaye tazarar mita 200 na tsawon shekara 15 ko 20 da dokin zai iya ƙara yi a duniya. Haka Birtaniya ta yi a farkon 2010 da dawakai biyu da aka shigo da su daga Romaniya ta Beljiyam, karo na farko da ta ga cutar tun 1976. A wannan shekarar kuma Tarayyar Turai ta tsaurara sharuɗɗan fitar da dawakai daga Romaniya, inda cutar ta daɗe da samun gindin zama.

Amurka ta bar wa mai doki zaɓi. Idan ya ƙi kisa, za a yi wa dokin lalas da harafin A da lambar jiharsa a wuya ko kafaɗar hagu, a killace shi na dindindin. A aikace kaɗan ne ke da filin da zai ba da wannan tazara ta kowace kusurwa, ga shi kuma doki dabbar garke ce, kaɗaici na cin sa. Mafi yawa kan ƙare da zaɓen kisa. Masu goyon bayan tsarin na nuna sakamako: a farkon shekarun 1970 ana samun kusan doki 3 zuwa 4 masu cutar cikin kowane 100 da aka gwada, yanzu bai kai 1 cikin 10,000 ba. Masu suka na cewa dawakan da ke yawon gasa ake ta gwadawa shekara bayan shekara, su ne dama suka fi tsafta, alhali na bayan gida da na haramtacciyar sukuwa ba a taɓa tsira musu allurar gwaji ba. Wasu kuma na kawo lissafin masana cewa yiwuwar ƙuda ɗaya ya ɗauki cutar daga dokin da ta lafa a jikinsa bai wuce 1 cikin miliyan 6 ba, suna tambayar ko ya dace a kashe dabba kan wannan. Amsar da hukumomi ke bayarwa ita ce ba a san ranar da za ta tashi ba, kuma ƙudan damina ba ɗaya ba ne.

A yankin Pantanal na Burazil, ƙasar fadama mai faɗi inda ba a kiwon shanu sai da doki, lamarin ya sha bamban. Cutar ta yi yawa a dawakan aiki har ta kai idan aka ce kisa za a yi, kiwon ne zai tsaya. Sai aka koma ga rarrabewa: masu cutar a makiyaya ɗaya da kayan hawansu, lafiyayyu a wata, nesa da juna. A nan ne maganar goɗiya ta yi amfani. Tunda yawancin 'yan dukushin da goɗiya mai ɗauke da cutar a ɓoye ta haifa ba sa kamuwa, ana yaye su da wuri, a ware su, a riƙa gwadawa. Da fari gwajin na nuna alamar cuta saboda sinadaran kariyar da suka sha a dakashi, amma bayan kimanin wata 6 wannan na gushewa idan ba su kamu ba. Da haka ake gina sabon garke mai tsafta daga cikin tsohon. Hanya ce mai jan rai, tana kuma buƙatar ƙasa mai yalwa da ladabin ma'aikata.

Sin ce kaɗai ta gwada rigakafi a babban mataki. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Harbin ta raunana bairos ɗin ta hanyar raino a ƙwayoyin jinin jaki, aka yi wa miliyoyin dabbobi allurar tsakanin 1975 da 1990, cutar ta ragu ƙwarai. Daga nan ƙasar ta daina, ta koma gwaji da killacewa. Dalilin shi ne dalilin da ya hana sauran ƙasashe bin sawunta: dokin da aka yi wa rigakafi da wanda ya kamu duk layi ɗaya suke fitarwa a faranti, sai gwajin ya rasa amfaninsa.

Idan aka jera su, za a ga bambancin bai zo daga saɓanin ilimi ba. Inda cutar ta yi ƙaranci, kisa ya fi araha ga jama'a. Inda ta yi katutu, ba zai yiwu ba.

## Abin da ke kan mai doki

Wanda ke da doki ɗaya ko jaki biyu da yake neman abinci da su, shi ya fi jin nauyin dokar. Wata biyu ko uku na killacewa na nufin ciyarwa ba tare da shigar ko sisi ba, kuma hakan na hawa kan wanda dabbarsa lafiya take, don kawai turkensa na kusa. Idan aka zo kisa, diyya ta danganta da ƙasa: wasu na biya har wani iyaka, wasu ba sa biyan komai. Wannan batu ya fi ƙarfin tausayi kawai, domin inda babu diyya, mai dokin da ya fara zargin wani abu riba ce gare shi ya yi shiru ya sayar da wuri, cutar ta koma gaba da ƙafafunta. Masu tsara doka da dama na kallon diyya a matsayin kuɗin sayen gaskiya.

Masu shirya gasa da kasuwannin dabbobi kan wayi gari da sharaɗin nuna takardar gwaji a ƙofa. Masu kiwo don sayarwa waje kan tarar an rufe musu iyaka ko an ƙara musu gwaji. Ƙa'idar da hukumar duniya ta ba da shawara ita ce a gwada doki cikin kwana 30 kafin a tura shi zama wata ƙasa, kuma ya fito daga wurin da ba a ga cutar ba cikin wata 3.

Sauran kuwa a hannun mai barga suke, ba sai hukuma ta zo ba. Allura ɗaya, sirinji ɗaya, doki ɗaya, kuma allurar da ta taɓa jiki ba ta komawa kwalba. Kayan da suka taɓa jini a wanke jinin tukuna kafin a tsoma su a maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin maganin ba ya ratsa busasshen jini. Ba a karɓar jini ko ruwan jini sai daga dabbar da aka gwada. Sabon doki kuma, komai kyansa da sheƙin gashinsa, a nemi takardarsa tun kafin a biya, a ɗaure shi nesa da sauran, a riƙa auna zafin jikinsa safe da yamma, sannan bayan kwana 45 zuwa 60 a sake ɗibar jininsa kafin a matso da turkensa.